Taici: motsa jikin da ke rage wa tsofaffi faɗuwa

Assalamu alaikum masu kallo. Waɗannan dattawa da kuke gani sun jeru a wani lambun shaƙatawa na birnin Beijin da sanyin safiya, suna ɗaga hannu kamar masu tafiya cikin ruwa, taici suke yi. Kada sanyin motsin ya ruɗe ku, asalinsa dabarar faɗa ce. An fi danganta shi da dangin Chen na wani ƙauye a lardin Henan, tun ƙarni na 17. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 da mutum zai gama cikin kusan minti shida, don kowa ya iya. A 2020 kuma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To, me ya ja hankalin likitoci gare shi? Faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke rasa rai duk shekara ta dalilin faɗuwa, kuma abin ya fi shafar waɗanda suka haura shekara 60. Duk wanda ya taɓa jinyar kakarsa bayan ta zame ta karye a kwatangwalo ya san ba ƙaramin abu ba ne. Wata ta kwanta ke nan.

Yanzu ku zuba ido a kan ƙafar wannan baiwar Allah. Gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ta ɗora nauyinta duka a ƙafar dama, ta ɗaga ta hagu, ta ajiye dunduniya tukuna, ba ta dogara da ita ba. Sai da ta ji ƙafar ta zauna daram, sannan nauyin ya gangaro sannu a hankali, numfashi na biye da shi. Nan aikin yake. Mai sauri ba ya daɗewa a kan ƙafa ɗaya, kafin ya karkata ɗayar ta tare shi. Wanda ya rage sauri kuwa, dole cinya da idon sawu su riƙe shi, jijiyoyin ƙafa su riƙa sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki ya karkata. Wannan ji shi ne ke dusashewa da tsufa, kuma maimaitawa tana kaifafa shi.

An gwada, ba zance ba ne kawai. A jihar Oregon ta Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2018 ya raba tsofaffi 670, 'yan shekara 70 zuwa sama, gida uku: masu taici, masu miƙe gaɓoɓi kawai, da masu wani atisayen daban. Kowane rukuni na atisaye awa ɗaya, sau biyu a mako, har mako 24. Faɗuwar masu taici ta yi ƙasa da ta masu miƙe gaɓoɓi kawai da kashi 58 cikin 100. Kuma abin da aka koya musu motsin jiki ne zalla, ba sai da falsafar da Sinawa ke bayaninsa da ita ba.

Amma don Allah, kada wani ya ajiye maganin hawan jini ko na ciwon suga ya ce ya samu madadi. Taici ba ya maye gurbinsu. Mai jiri ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. In Baba ko Inna za su gwada, a samu daɓe marar santsi, a kawar da tabarma, a ajiye kujera mai ƙarfi kusa da hannu, kuma wani ya tsaya a gefe. Gwiwa kada ta lanƙwashe har ta yi zafi. Minti goma ya isa a farko.