Me Ya Sa Hadarin Sakkwato Ke Tasowa Daga Gabas?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu manoma da ke zaune can baya, da ku ɗalibai, barkanku da yamma.

Tambaya ɗaya zan riƙe yau. Danshin da ke zama ruwan damina daga mashigin tekun Gini yake zuwa, wato kudu maso yamma da mu. To me ya sa in hadari ya haɗu a Sakkwato gabas kowa ke dubawa?

Mu fara da cewa iska gudana take yi kamar ruwan gulbin Rima, kuma tana da nauyi. Akwatin da kowane gefensa ya kai mita ɗaya yana ɗauke da iska kusan kilo 1.2. Nauyin duk iskar da ke bisa kanmu shi ake kira matsin iska, kuma a bakin teku yana kai hektofaskal 1013. Yadda ruwa ke gangarawa fadama, haka iska ke barin inda matsi ya yi yawa ta nufi inda ya ragu. A bazara rana ta gasa Sahara, iskar can ta yi zafi ta tashi sama, matsi ya faɗi, sai iskar teku ta kamo hanya.

Ba ta tafiya a miƙe. Juyawar duniya na karkatar da ita zuwa dama a arewacin ikwaita, abin da Bafaranshe Coriolis ya yi lissafinsa a 1835. Shi ya sa iskar da ta taso daga kudu maso gabas, da ta tsallake ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, sai ta iso mana ta kudu maso yamma. Mu a digiri 13 arewa da ikwaita muke, ƙarfin karkatarwar nan bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ake samu a digiri 45 ba, don haka kada ɗalibi ya ɗauko zanen yanayin Turai daga littafi ya ce zai fassara daminar Wurno da shi.

Yanzu ku saurara da kyau. Iskar teku ta fi ta hamada sanyi da nauyi, saboda haka ƙarƙashinta take kutsawa, kamar bakin gatari a itace. A goshinta siririya ce, kaurinta bai kai kilomita ɗaya ba. Sai an koma ɗaruruwan kilomita kudu take yin kauri. A watan Afrilu ko Mayu wannan goshi kan wuce Sakkwato: iska ta juya, zufa ta ƙi bushewa, dare ya yi gumi. Ruwa na iya sauka sau ɗaya, manomi ya shuka gero, sannan a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, tsiro ya ƙone. Danshin ne bai yi kauri ba tukuna. Sai goshin nan ya yi nisa arewa, wajen digiri 20 a watan Agusta, muke shiga malka.

To ina gabas ta shigo? A sama da wannan danshi, kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wani kogin iska busasshiya da ke gudu daga gabas zuwa yamma, mita 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Bambancin zafi tsakanin Sahara da gaɓar teku ne ke haifar da shi. Kenan hawa biyu ne: ƙasa tana tafiya wata hanya, sama tana tafiya wata.

Da hantsi ƙasa ta ɗau zafi, dunƙulen iska ya tashi. Kowane kilomita da ya hau yana rasa kusan digiri 10 na zafinsa, har tururin cikinsa ya koma ɗigon ruwa. Kuna iya lissafa gindin girgije da kanku: ku cire ma'aunin raɓa, wato digirin da in iska ta sanyaya zuwa shi raɓa ke fara fita, daga ma'aunin zafi, ku ninka da mita 125. In zafi 36 ne, raɓa 20, gindin girgijen na wajen mita 2,000. Daga nan abin ke ƙaruwa, domin kowane kilo na tururi da ya zama ruwa yana sakin zafi jul miliyan 2.5, wanda ke ƙara ingiza girgijen har ya wuce kilomita 12. Da ya ratsa kogin iskar nan, sai kogin ya tafi da shi yamma.

Ga abin da ke yaye kwanon rufi. Ruwan da ke faɗowa ta cikin busasshiyar iska yana ƙafewa, ya sanyaya ta, yadda randa ke sanyaya ruwa. Iskar ta yi nauyi, ta rikito ƙasa, ta bazu a gaban hadarin tana tura jar ƙura. Ita ce sanyin da kuke ji minti kaɗan kafin ruwa, lokacin da mata ke rige-rigen kwashe shanya. Kuma ba ɓarna kaɗai take yi ba: tana cusa kai ƙarƙashin danshin da ke gabanta, ta ɗaga shi, sabon girgije ya haɗu. Haka layin hadari ke sabunta kansa yana tafiya kamar kilomita 50 a awa. Wanda ya taso daga Isa zai iya riskar Sakkwato cikin awa biyu zuwa uku, ya zarce Argungu.

Kogin iskar ma ba ya tafiya shiru. Yana lanƙwasa kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa na ratsa mu duk kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa ruwan malka ke zuwa, ya huta, ya dawo. Wasu daga cikin lanƙwasar nan in sun fita teku ta Senegal su ne ke zama guguwar da ke afka wa Amurka.

Wani ya rubuto yana tambayar me ya sa hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kan ce za a yi ruwa, a yi a Bodinga, a tsallake Kware. Kwamfuta tana raba sararin sama gida-gida, kowane gida kilomita da yawa, ta warware lissafin Navier da Stokes, wato lissafin motsin iska da ruwa, a kowanne. Girgijen farko kuwa ƙarami ne, yana iya faɗawa tsakanin gidajen. Ga ƙarancin tashoshin da ke harba balan-balan na awo a yankin Sahel. Lanƙwasar takan bayyana a lissafi kwanaki kafin ta iso, amma garin da ruwan zai sauka sai ranar, in an ga hadarin a hoton tauraron ɗan'adam yana tahowa daga wajen Zamfara.