Jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde: yadda na tsara guzurina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hayaniyar da ke bayana, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere a ƙasar Kamaru nake, wadda mutanen nan ke ce wa "gar". Kun ga rigar sanyi a jikina ko? Garin nan a kan tudun Adamawa yake, sama da mita 1,000 daga gaɓar teku, iskar safiyarsa ba irin ta Garwa ba ce ko kaɗan. Shekaranjiya a Garwa gumi nake sharcewa a bakin kogin Binuwai, muna haye tsaunin da ke kan hanya sai ga mutane suna ta rufe gilashin mota.

To, ga tikitina. Jirgin ba zai tashi ba sai bayan Magariba, amma tun da sassafe na zo, bisa shawarar mai masaukina. Cewa ya yi, "Ɗana, in gado kake so, je ka tun rana ba ta yi ba. Kujera ba ta ƙarewa da wuri, gado ne ke ƙarewa." Na ce, "To Baba." Ku riƙo fasfo ko katin shaida, da shi ake yankar tikiti.

Bari in tsaya a kan maganar gadon nan, don ita ce ginshiƙin duk lissafina. Jirgin na kamfanin Camrail ne, kuma wurin zama iri huɗu ne. Farashin da na tarar: aji na biyu sefa 10,000, aji na ɗaya 17,000, ɗaki mai gado huɗu 25,000, mai gado biyu 28,000. Mai ƙaramin guzuri idonsa kan jaka goma zai fara sauka, ni ma haka. Amma ku duba, tafiyar kilomita 620 ce da 'yan kai, dare guda cur, sai gari ya waye ake isa. Wanda ya kwana a zaune, jaka a cinya, ido biyu saboda kaya, in ya sauka Yawunde abin da zai fara nema shi ne ɗakin da zai miƙe ƙafa. Ya biya kuɗin ɗaki, wunin kuma ya tafi a barci. Ni kuwa na ɗauki mai gado huɗu, na lissafa shi a matsayin kuɗin mota da kuɗin masauki a haɗe. Tsakaninsa da aji na ɗaya jaka takwas ce kacal. A ganina wannan ne wurin da bai kamata a matse hannu ba. A matse a wani wajen.

Ina aka matse? A masauki. Kwana biyu na yi a garin nan ban doshi babban otal ba. Daren farko a ƙaramin gidan baƙi na kwana, irin wanda suke kira "oberj". Akwai su da yawa a gari, musamman wajen unguwar Balaji. Sharaɗina uku ne kafin in miƙa kuɗi: in ga ɗakin da idona, in murɗa famfo in ga ruwa, in gwada makullin ƙofa. In da iyali kuke tafe, ku tambaya ko akwai mashaya a jikin gidan, don wasu haka suke, kiɗa har tsakar dare. Dare na biyu kuwa wani dattijo ɗan kasuwa, wanda wani ɗan uwanmu na Yola ya haɗa mu, shi ya rantse ba zan sake kwana a gidan haya ba. Al'adar mai masauki ta zamanin fatake tana nan da ranta a ƙasar nan, wallahi har raina na ji daɗin ganin haka. Sai dai kada a je hannu rabbana. Goro, turare, ko 'yar atamfa ga uwargida, ba a rasa abin riƙewa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutanenmu ke ɗaukar Ngaundere tasha kawai. A sauka daga motar Marwa ko Garwa da la'asar, a faɗa jirgi da dare, ba a ga komai ba. Alhali abubuwan kallon garin kusan duk kuɗin babur kawai suke ci.

Ku kalli hotunan da na ɗauko jiya. Wannan dutsen da ke da wani ƙaton dutse a ɗore a kansa, shi ya ba garin suna. Da harshen Mbum, mutanen da Fulani suka tarar a nan, Ngaundere na nufin dutsen cibiya. Da ƙafa na hau, ban biya ko dala ba, kuma daga sama gari gaba ɗaya a tafin hannunka yake.

Daga nan sai fadar Lamiɗo. A wajajen shekarun 1830 Arɗo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a nan, ƙarƙashin Modibbo Adama na Yola. Shi ya sa Bahaushe ko Bafulatanin Najeriya in ya shiga ba ya jin baƙunta: ga dogarai, ga algaita, ga zaure bayan zaure. Abin da ya bambanta shi ne rufin ciyawa mai tsawo da ke saukowa kusan ƙasa, da ginshiƙan ƙasa masu zane kala-kala a ciki. In da hali ku daidaita zuwanku da Juma'a, ku ga fitowar Lamiɗo zuwa masallaci. A cire takalmi inda aka ce a cire, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, a kuma yi wa wanda ya zaga da kai ihsani.

Da yamma na ɗauki ɗan babur zuwa tafkin Tizon, wani ruwa a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, itatuwa kewaye da shi. Muka wuce gangaren ruwan Vina ta hanyar Meiganga. Ku gama ciniki tun kafin ku hau, zuwa da jira da dawowa, kuɗi ɗaya. Akwai gangaren Tello da ake ta yabo, amma da nisa, sai an yi shatar abin hawa, don haka na bar shi sai wani zuwan.

Maganar kuɗi a gurguje: 'yan uwanmu na Nijar, sefarku ta Yamma ba ita ake kashewa a nan ba. Darajarsu ɗaya, amma takardun daban, ta nan ta Afirka ta Tsakiya ce. Ku canza tun a kan iyaka, ku kuma nemi ƙananan canji. Katin rigakafin shawara shi ma ya kasance tare da fasfo.

Yanzu ga mu da dare, na shigo. Na haɗa Magariba da Isha'i kafin a buɗe ƙofa, tunda an yi wa matafiyi rangwame. Ga ɗakin: gado biyu ƙasa, biyu sama, da zanin gado da matashi. Abokan ɗakina akwai wani malami da zai je ganin ɗansa, da ɗalibi daga jami'ar da ke Dang. Guzurina kilishin Ngaundere, wanda duk Kamaru ta san da zamansa, da burodi da ruwan gora biyu. Akwai taragon abinci, amma wanda ya shigo da nasa ya rage kashe kuɗi.

Tun 1974 layin dogon nan ya iso Ngaundere, kuma nan ya tsaya, bai wuce zuwa Garwa ko Chadi ba. Shi ya sa kuka ga tireloli jere a bakin tasha, kayan Njamena daga tashar ruwan Duwala ta nan suke sauka su hau mota. Layin guda ɗaya ne, dole wani jirgin ya dakata a tasha wani ya wuce, don haka kada ku sa alƙawari da kowa da sanyin safiyar isarku.

Mun tsaya Ngaundal. Ku saurara, kun ji? Mata da yara ne a gindin taga, cikin duhu, kowa da tocila, ana tallan zuma a gora, da ayaba. Malamin nan ya ce mini, "Malam, sayi zumarka a nan, in mun gangara kudu sai ka ninka kuɗin." Na sayi gora ɗaya.

Barkanmu da asuba. Mun wuce Belabo ina barci. Ku leƙa taga: jiya ciyawa da shanu muka baro, yau ga kurmi, itatuwa sun haɗe sama, ga hazo kwance a kan kogin Sanaga. Tallan ma ya canza, yanzu abarba ce da fiya da rogo naɗe a ganye. Jikina garau, ba ciwon baya, ina sauka zan iya fara yawo.

In mun isa, tasi zan shiga zuwa Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde. Baba ya ba ni sallahu ga ƙaninsa da ke sayar da yadi a can, ya ce kada in kuskura in nemi ɗaki kafin in gaishe shi. Bari in naɗe zanin gadon nan in haɗa kayana, ga rufin gidajen Obala sun fara bayyana.