Sharhi: Yaran kurame a makarantun masu ji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi yaran kurame da ake sakawa a makaranta ɗaya da masu ji, al'amarin da ya taɓa gidajen Hausawa a nan Makka da Madina da Jidda.

A shekarar 1964 aka buɗe Ma'ahadul Amal a Riyad domin karantar da kurame, ɓangaren maza daban, na mata daban. Daga shekarun 1990 kuma aka karkata ga shigar da su makarantun kowa da kowa, wasu a ajinsu na musamman cikin harabar makarantar, wasu a aji ɗaya da sauran ɗalibai. A 2008 Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya nemi a karantar da su tare da sauran yara, ya kuma nemi a sauƙaƙa wa kurame koyon maganar hannu. Wannan sharaɗi na biyu shi ne aka fi mantawa da shi, alhali kuwa in babu shi, na farkon ba ya tsinana komai.

Mu leƙa cikin ajin. Malam yana bayani, yaron ya zuba wa leɓɓansa ido, sai malam ya juya ga allo yana rubutu bai fasa magana ba, shi ke nan darasi ya yanke wa yaron. Wani ɗalibi ya yi tambaya daga baya, aji ya fashe da dariya, shi ma ya dara don kada a gane an bar shi a baya. Karatun leɓe ma ba abin dogaro ba ne, domin haruffan Larabci ba'un da mimun kamarsu ɗaya a baki, ainun da hamza kuwa daga maƙogwaro suke fitowa, ido ba ya ganinsu. Na'urar ƙara ji tana taimaka wa mai sauran ji, amma yadda take ɗaga muryar malam haka take ɗaga ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da jan kujeru.

Namu yaran nauyinsu biyu ne, tunda a gida ana cuɗa Hausa da Larabci, a makaranta kuma Larabci ne zalla. Sama da kashi 90 cikin 100 na yaran kurame iyayensu masu ji ne, don haka yaro kan kai shekarun shiga makaranta ba shi da cikakken harshe, sai 'yar nunin da ya saba yi da mahaifiyarsa. Irin wannan yaro ba a ce masa daƙiƙi, harshe ne ba a ba shi da wuri ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye, kafin a rubuta sunan yaro a je wurin shugaban makaranta a tambaya: akwai tafintan maganar hannu ko malamin da ya ƙware a kanta? A ina yaron zai zauna? Akwai wasu kurame da zai yi hira da su lokacin tara? Idan babu ko ɗaya, a ganinmu ajin kurame na musamman ko Ma'ahadul Amal ya fi masa amfani, iyaye da 'yan'uwansa kuma su koyi maganar hannun da ake karantar da shi da ita.