Janar George Marshall: Hidimar Ƙasa da Rabon da Iyalinsa Suka Ɗauka

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, tsofaffin sojoji da ke zaune a nan gaba, ina gaishe ku.

Idan soja ya rasu aka tashi yabonsa, muƙamai ake lissafawa da fagagen da ya yi yaƙi. Sai a ƙarshe a ce ya bar mata da 'ya'ya, a shafa. Ni a ganina wannan jimla ta ƙarshe ita ce aka fi tauye wa haƙƙi, kuma rayuwar Janar George Marshall na Amurka za ta nuna mana dalili.

An haife shi a 1880 a jihar Pennsylvania. Ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Poland, ya kama aiki a matsayin hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Ya tarar da rundunar da ba ta kai mutum 200,000 ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 ta haura miliyan 8. Shi ya tsara horo, ya zaɓo kwamandoji, ya yi ta kai-komo a majalisa don a samu kuɗi.

Ga inda halinsa ya fito. A ƙarshen 1943 ana neman wanda zai jagoranci farmakin ƙwato Faransa daga hannun Jamus, kuma kowa ya ɗauka shi ne. Kowane janar yana mafarkin irin wannan fage. A Alƙahira Shugaba Roosevelt ya tambaye shi abin da yake so, ya ƙi ya nema wa kansa, ya ce shugaba ya yi abin da ya fi amfanar ƙasa. Aka ba Janar Eisenhower, wanda Marshall ɗin ne ya ɗaga shi. Eisenhower ya samu suna, daga baya ya zama shugaban ƙasa. Marshall ya koma ofis da takardu. Ku da kuka sa kaki kun fi ni sanin nauyin wannan haƙuri.

To, gida fa? Matarsa ta fari, Lily, ta rasu a 1927, ba su haihu ba. A 1930 ya auri Katherine, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ƙaramin, Allen, ya shaƙu da shi ƙwarai. Da yaƙi ya zo Allen ya zama hafsa a rundunar tankoki, kuma a watan Mayu 1944 aka harbe shi a kudancin birnin Rum. Ku duba, jama'a: mutumin da ke riƙe da dukan sojan ƙasa bai janye yaron gidansa daga bakin daga ba, kuma sai da ya fuskanci uwar yaron da wannan labari. Muna yaba masa da adalci, kuma ya cancanta. Amma ɗan da aka rasa Katherine ce ta haife shi.

Ba a nan ta tsaya ba. A Nuwamba 1945 ya ajiye aiki, suka tafi gidansu na Leesburg da niyyar hutawa. Ko zama ba su gama yi ba waya ta buga: Shugaba Truman yana so ya tafi China ya sasanta gwamnati da 'yan kwaminis. Nan take ya amsa. Bai iya gaya mata ba, sai a rediyo ta ji. Ya shafe kusan shekara a can, sulhun kuma bai yiwu ba. Ina so a riƙe wannan, domin ba kowace sadaukarwa ce ke haifar da nasara ba, kuma iyali sun riga sun biya ko an ci ko an faɗi.

Daga China ya zama sakataren harkokin waje. Ranar 5 ga Yuni 1947, a jami'ar Harvard, ya gabatar da shirin farfaɗo da Turai, wanda ya ci kusan dala biliyan 13 kuma har yau da sunansa ake kiran shirin. A 1950 aka sake kiransa ya riƙe ma'aikatar tsaro lokacin yaƙin Koriya. A 1953 ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, yana sojan da ya shafe rayuwarsa a aikin soja. Duk da haka a 1951 Sanata McCarthy ya tsaya a majalisa ya zarge shi da haɗa baki da maƙiyan ƙasa. Marshall bai tanka ba. Mutumin da ko ƙuri'a ba ya jefawa don kada a ce yana da jam'iyya!

Ya rasu a Oktoba 1959, aka binne shi a maƙabartar Arlington. An yi masa tayin kuɗi masu yawa ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ƙi, domin faɗin gaskiya zai taɓa mutanen da suka yi aiki tare. Katherine kuwa ta rubuta nata tun 1946, kuma mai son sanin yadda gidan ya ɗauki waɗannan shekaru, wurinta zai je.

Na gode da sauraro.