Yadda Nake Zaɓen Ƙwayoyin Itacen Gashin Hayaƙi a Houston

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa daga birnin Houston na jihar Texas a Amurka. A yau ina tsaye ne a sashen kayan gashi na wani babban kanti, kuma waɗannan buhunan da kuke gani jibge a bayana duk ƙwayoyin itace ne, wato dusar katako da aka matsa ta zama 'yan ƙwayoyi, da ake zuba wa murhun gashin hayaƙi. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna ƙasar nan sun sayi irin wannan murhu domin naman layya da na suna, amma idan suka zo wurin sayen makamashinsa sai su ɗauki buhun da ya fi kyan zane ko wanda ya fi araha, alhali ɗanɗanon naman da lafiyar murhun duka sun rataya ne a kan abin da ke cikin buhun.

Kafin mu taɓa buhu ko ɗaya, ya kamata a san yadda murhun yake cin itacensa. A gefensa akwai akwatin da ake cikawa da ƙwayoyin, a ƙarƙashin akwatin kuma akwai dogon ƙarfe mai murɗe wanda injin lantarki yake juyawa a hankali, yana tura ƙwayoyin kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko da ke tsakiyar murhun. A cikin kaskon wata sandar lantarki take yin ja ta kunna su, fanka tana hura musu iska, na'urar da ke gaba kuma tana auna zafi tana ƙara ko rage abin da ake turowa. Joe Traeger ne ya ƙirƙiro wannan tsari a jihar Oregon a 1985, ya yi masa rajistar mallaka, kuma sai da wa'adin rajistar ya cika sannan sauran kamfanoni suka shigo kasuwar, shi ya sa yanzu ake ganin Pit Boss da Camp Chef da Weber da sauransu. Murhu ne da ba ya karɓar gungume ko gawayi na yau da kullum. Abin da zai iya bi ta cikin wannan ƙarfe mai murɗe shi kaɗai yake ci, saboda haka duk wani aibi da ke jikin ƙwayar sai ya bayyana, ko dai a harshe ko a injin.

Ita kanta ƙwayar dusar katako ce da aka busar, aka niƙa, aka matsa ta da ƙarfi ta cikin faranti mai ƙananan huda. Zafin matsewar yana narkar da wani sinadari na cikin itace mai suna liginin, shi ne yake haɗe dusar idan ta huce, kuma shi ne yake ba ƙwayar wannan sheƙi da kuke gani a tafin hannuna. Kaurinta wajen milimita 6 ne, danshinta kuma bai kai kashi 10 cikin 100 ba idan mai kyau ce. Ke nan itace mai tsabta ba ya buƙatar gam ko wani abin haɗi.

Abu na farko da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne bambanci tsakanin ƙwayoyin girki da ƙwayoyin ɗumama ɗaki. A jihohin arewacin Amurka masu tsananin sanyi ana sayar da manyan buhuna masu laba 40, wato wajen kilo 18, domin murhun ɗumama gida, kuma farashinsu ya yi ƙasa sosai da na girki, har mutum zai ga kamar asara ce ya sayi ƙaramin buhu mai laba 20 da tsada. A ido ba su da bambanci. Amma na ɗumama ɗaki an yi su ne domin zafi kawai, hayaƙinsu bututu yake bi ya fita waje, don haka sau da yawa ana yin su da itatuwa masu ƙaro irin su fayin, kuma ba a yi wa mai saye alkawarin cewa dusar ta dace da abinci ba. Hayaƙin itace mai ƙaro yana barin ɗaci da wari a jikin nama, kuma idan akwai ragowar katako mai fenti ko gam a cikin dusar, to maganar ta wuce ta ɗanɗano ta koma ta lafiyar iyali. Ni ban yarda a sa naman da yara za su ci a kan wannan hayaƙi sa'o'i goma ba domin a rage 'yan daloli. Ko da an ga hatimin inganci na ƙungiyar masu ƙera ƙwayoyin makamashi a jikin buhun, abin da hatimin yake aunawa shi ne toka da danshi da ƙura, ba dacewa da abinci ba.

Yanzu bari in juya wannan buhun ku ga bayansa, domin a nan ne yawancin masu saye ba sa tsayawa. A gaba an rubuta sunan itace guda ɗaya da manyan baƙaƙe, amma wannan ba ya nufin itacen nan ne kaɗai a ciki. Al'adar masana'antu da yawa ita ce su yi amfani da itacen da ya fi yawa a yankinsu a matsayin tushe, wato oak a gabashi da tsakiyar ƙasar, ko alda a arewa maso yamma, sannan su zuba wani kaso na itacen da aka rubuta sunansa. Wasu kuma suna ƙara man ƙamshi domin ya ba da warin itacen. Akwai kuma waɗanda suke sa ɗan man tsirrai, kamar na waken suya, domin dusar ta wuce cikin injin ba tare da tangarɗa ba. Gauraya itace da itace ba ha'inci ba ne a karan kansa, domin oak yana ci a hankali da zafi mai ɗorewa, kuma yana taimakon itatuwan marmari waɗanda ba su kai shi ƙarfi ba. Abin da nake nema shi ne a faɗa mini gaskiya. Jimlar da take cewa duk abin da ke ciki itace ne mai tauri daban take da jimlar da take cewa duk abin da ke ciki itace guda ne, misali hikori, kuma wanda bai lura ba zai biya kuɗin ta biyu ya tafi gida da ta farko. Idan buhu bai bayyana itatuwan da ke cikinsa ba, nakan mayar da shi inda na ɗauko shi.

Sai batun wane itace ya dace da wane nama, wanda a nan ne na fi son mu daɗe. Jadawalin da ake bugawa a bayan buhu an tsara shi ne bisa abincin mutanen nan, kuma kaso mai yawa na gashinsu na naman alade ne, wanda bai shafe mu ba. Naman akuya, wanda yake cikin namu, da wuya a ba shi wuri a jadawalin, balle a yi maganar yajin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro. Dole mu yi amfani da hancinmu da harshenmu.

A wurina oak shi ne tushen komai. Hayaƙinsa matsakaici ne, yana shiga nama ba tare da ya danne yaji ba, kuma shi ne sirrin gashin tsakiyar Texas, inda garuruwa irin su Lockhart suka yi suna wajen gasa ƙirjin sa da gishiri da masoro kawai a kan wani nau'in oak na yankin. Idan mutum buhu ɗaya zai iya saye, to ya sayi wannan. Hikori ya fi oak ƙarfin hayaƙi, yana dacewa da haƙarƙarin sa da kafaɗar rago mai kitse, amma idan gashin ya yi tsawo a murhun da yake yawan hayaƙi yakan kawo ɗan ɗaci. Fikan, wanda shi ne itacen da jihar Texas ta ɗauka alamarta, ɗan uwan hikori ne mai sauƙin hali, kuma na same shi yana tafiya da yajin ƙuli-ƙuli fiye da kowane itace, domin ƙamshinsa yana da kusanci da na gyaɗa soyayya. Tuffa da ceri da mapul masu laushin hayaƙi ne, sun fi dacewa da kaza da zabo da kifi, ceri kuma yana ba fatar kaza launi ja mai duhu wanda yake ƙayatar da ido.

Meskit kuwa sai an yi masa bayani na musamman. Itace ne mai ƙaya da yake cike da kudanci da yammacin Texas har zuwa arewacin Meziko, kuma ɗan uwan ƙirya ne da muka sani a gida, wadda maƙera suke neman gawayinta saboda zafinsa, ake kuma sassaƙa turmi da taɓarya da ita saboda taurinta. Halinsu ɗaya wajen wuta: zafi mai tsanani da hayaƙi mai kaifi. Domin haka nake ajiye shi ga gashin da ba ya daɗewa, kamar tsire ko yankakken naman sa da za a sauke cikin mintuna, kuma yana iya tsayawa da ƙarfin naman akuya ba tare da ya ɓace ba. Amma a ɗora kaza a kansa tsawon sa'o'i, wannan ban ba da shawara ba.

Dole in faɗi wata gaskiya da masu talla ba sa so a faɗa. Irin wannan murhu yana ƙona itacensa sarai saboda fankar da ke hura shi, don haka hayaƙinsa bai kai na murhun gungume kauri ba, kuma bambancin da ke tsakanin itace da itace a harshe bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ya fi ba da hayaƙi idan zafin yana ƙasa, wajen digiri 225 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 107 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan aka ɗaga zafin sosai sai ya koma kusan tanda. Nama kuma ya fi kama hayaƙi a sa'o'in farko, lokacin da yake da sanyi da danshi a jikinsa. Wanda ya fara da ƙaramin zafi da ƙwayar oak mai tsabta zai fi samun ƙamshi a kan wanda ya sayi itace mai tsada ya ƙure wutar tun farko.

Ga yadda nake duba buhu kafin in ɗora shi a amalanke. Ina ɗaga shi in duba gindinsa ta wurin da ledar take nuna ciki, domin idan ƙura ta taru a ƙasa, to an wahalar da buhun a hanya ko kuma matsewar ba ta yi ba, kuma wannan ƙura ita ce take toshe ƙarfe mai murɗe ta cika kasko da toka. Ina shafa shi in tabbatar babu huda, babu wurin da ya dunƙule. Buhunan da aka ajiye a waje, a bakin kanti, ba na taɓa su, domin duk wanda ya san Houston ya san laimar iskar da take tasowa daga Tekun Meziko. Game da yawa kuwa, murhun yakan ci tsakanin laba 1 zuwa 3 a kowace sa'a, gwargwadon zafin da aka sa da sanyin gari. Ƙirjin sa da zai kwashe sa'o'i 12 yana iya cinye kusan buhu guda mai laba 20, wato wajen kilo 9, don haka wanda zai gasa ragon layya a rana biyu ya tanadi buhu biyu ko uku tun da wuri. A kwatanta farashi da laba, ba da buhu ba, domin girman buhunan ya bambanta.

To, ga mu mun iso gida, kuma ga gwajin da nake yi wa kowane sabon buhu. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na karya ta, kun ji ta ba da ƙara ta rabu biyu ba tare da ta marmashe ba. Yanzu na zuba 'yan kaɗan a kofin ruwa, kun ga sun nutse nan take, alamar an matsa su da kyau. Waɗanda suke yawo a sama ba su da nauyi, za su ƙone da sauri su bar toka. Ku bar idonku a kan kofin, domin nan da ɗan lokaci za ku ga sun kumbura sun koma dusa. Abin da yake faruwa ke nan a cikin murhu idan danshi ya shiga, sai dai a can idan dusar ta sake bushewa takan daskare a jikin ƙarfen ta hana shi juyawa, har sai an kwance injin an fasa ta.

Saboda haka ba na barin ƙwayoyi a buhunsu bayan an buɗe. Ina tace su da rariya mai manyan ido, sannan in juye su a bokitin roba mai murfi da yake rufuwa ruf, irin mai galan 5, wanda yake ɗaukar kusan buhu guda. Bokitin yana zaune a kan katako, ba a kan siminti ba, kuma na rubuta sunan itacen a jikinsa. Idan na san zan yi makonni ban kunna murhun ba, ina kwashe abin da ya rage a akwatin, in bar injin ya cinye na cikin ƙarfen. Tokar kasko kuma ina zuƙe ta bayan kowane dogon gashi, bayan murhun ya huce sarai, domin idan ta taru takan rufe sandar kunnawa, ƙwayoyi su yi ta zuba ba su kama ba, sannan su kama gaba ɗaya da ƙarfi. Murhun kuma a fili ake kunna shi, ba a gareji ba ko da an buɗe ƙofa, saboda iskar guba marar wari da ƙonewar itace take fitarwa.

Yau na haɗa oak kashi biyu da fikan kashi ɗaya, kuma kafaɗar ragon da na shafa wa yaji tun daren jiya za ta shiga a kan digiri 225. A shiri na gaba zan nuna muku yadda ake auna zafin cikin nama da lokacin da ya kamata a naɗe shi. Allah ya bar zumunci, wassalamu alaikum.