Awon hawan jini ba tare da taɓa wuyan hannu ba rabin aiki ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Agege nake magana da ku, kuma har yanzu raina a ɓace yake, domin abin da ya faru da Kawuna a makon jiya ya nuna mini cewa mun daɗe muna biyan kuɗin awo ana ba mu rabin bayani.

Kawu ya haura shekara 70, tun yana saurayi yake harkar shanu a nan Legas, kuma yana shan maganin hawan jini. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci yakan biya wani kemis a ɗaura masa na'ura a damtse, ya miƙa naira 500, a ce masa jini ya hau ko ya sauka. Da ya fara kukan gajiya da haki idan ya hau bene, sai na kai shi wani ƙaramin asibiti. Kafin ma'aikaciyar jinya ta ɗauko na'ura, sai ta kama wuyan hannunsa, ta ɗora yatsu biyu, ta zuba wa agogo ido har minti ɗaya ya cika, sannan ta ce, "Baba, bugun nan ba ya tafiya daidai." Aka tura mu awon zuciya na ECG, na biya naira 15,000, likita ya duba takardar ya ce rikicewar bugun zuciya ce, wadda suke kira AF.

Ga yadda ya yi mana bayani. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma a wannan ciwo ɗakuna biyu na sama sukan daina matsewa yadda ya kamata, su koma karkarwa kawai. Jinin da bai fita da kyau ba yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke ɗakin hagu, ya yi gudaji kamar kunun da aka daina damawa. Ranar da gudan ya ɓalle, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, ranar ce mutum zai wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan ciwo ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau 5 a haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma da yawa ba sa jin komai, ko faɗuwar gaba ba sa yi. Dattawa nawa muka sani a gida da aka ce iska ce ta buge su, aka yi ta turare da rubutu, ba wanda ya taɓa duba bugun zuciyarsu?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da yawa daga cikin na'urorin awon jini na zamani suna da wata 'yar alama da ke fitowa idan bugu ya rikice, amma mai awo lambobi biyu kawai yake karantowa ya karɓi kuɗinsa. Sannan idan bugun ba daidai yake ba, lambobin da na'urar ta bayar ma suna iya zama kuskure. A 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta amince da wata na'ura ta kamfanin Microlife da ke neman wannan ciwo yayin awon jini. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce duk wanda ya kai shekara 65 a duba bugunsa idan ya zo asibiti, ko da wani abu daban ne ya kawo shi. A Amurka wani kwamitin ƙwararru ya ce a 2022 hujja ba ta isa a yi wa kowa gwaji na musamman ba, amma ko su suna ɗaukar taɓa wuyan hannu a matsayin aikin yau da kullum. Mu kuwa yatsu biyun ma ba mu samu ba, alhali ba sa cin ko kwabo.

Ni yanzu na ƙware, ba yabon kai ba, har dattawan masallacinmu suna miƙo mini hannu bayan sallar La'asar. Bugun mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, yana zuwa a jere ba tsalle. Sai dai ina gaya musu cewa yatsa ba ta yanke hukunci, ECG ne ke tabbatarwa, kuma ciwon yakan zo ya tafi, saboda haka dubawa sau ɗaya ba ta wadatar.

Ina roƙonku, kada wani ya ji wannan magana ya ruga kemis ya sayo maganin tsinka jini da kansa. Magunguna irin su warfarin da apixaban da rivaroxaban suna rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku, amma suna iya jawo zubar jini, don haka likita ne zai auna shekaru da hawan jini da ciwon suga kafin ya rubuta. Warfarin yana da sauƙin kuɗi amma sai ana gwajin jini a kai a kai, sababbin kuwa tsadarsu ta sa na yi shiru a gaban mai sayarwa. Asfirin ba ya maye gurbinsu, kuma mai shan su kada ya haɗa da jiƙo ko sassaƙe bai sanar da likita ba.

Mu da ke Legas muna da likitocin zuciya a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja, amma hankalina yana Funtuwa wajen Hajiya, wadda rabona da ita tun Sallar layya. Na kira ƙanwata na ce gobe ta kai ta awo, kuma kada su tashi daga kujerar nan sai an riƙe wuyan hannunta minti ɗaya cur, an gaya musu ko bugun a jere yake. Idan aka ce ya rikice, su nemi ECG a ranar, ni zan turo kuɗin.