Jawabin Maraba ga Shugaban Majalisar Gudanarwa a Ziyararsa ga Ɗakin Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe Shugaban Majalisar Gudanarwa, mai girma Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai, abokan aikina da wakilan ɗalibai, a madadin ma'aikatan wannan laburare ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya bisa keɓe mana wannan hantsi da ka yi duk da ɗimbin hidimomin da ke gabanka.

Ranka shi daɗe, a ƙasar Sakkwato littafi ya saba zuwa inda mai karatu yake, domin rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da hannu aka riƙa kwafe su ana kai su Gwandu da Wurno da garuruwan da suka fi nan nisa. Abin da muke son nuna maka yau wannan al'ada ce a sabuwar riga.

Mafi yawan mujallun bincike na zamani a intanet suke, cikin rumbuna irin su JSTOR da ScienceDirect da EBSCOhost, waɗanda galibi ba a shiga sai makaranta ta biya kuɗin shekara ta kuma sa hannu kan yarjejeniya. Akwai kuma shirin Research4Life, wanda ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa irin waɗannan mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Reshensa na lafiya, HINARI, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shi a 2002, na aikin gona kuwa, AGORA, ya biyo baya a 2003. Sai dai galibin masu rumbunan suna gane mu ne ta lambar adireshin intanet ta makaranta, saboda haka kwamfutar da ke cikin harabar nan ana buɗe mata ƙofa, amma ɗalibar da ke zaune a Mabera ko Arkilla, ko malamin makarantar da ke ƙarin karatu daga Tambuwal, baƙi ne a wurinsu, ko da kuwa da sunansu aka biya kuɗin. Mun ga illar haka a fili lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona: kuɗi an biya, mujallu suna nan, masu karatu kuma suna gida.

Maganin abin shi ne wata manhaja mai shiga tsakani, irin su EZproxy, wadda wani ma'aikacin laburare a Amurka ya ƙirƙira a 1999, ko OpenAthens ta Ingila. Mai karatu zai rubuta sunan shiga da kalmar sirrinsa daga duk inda yake, manhajar ta duba ko sunansa na cikin rajistar makaranta, sa'an nan ta gabatar da shi ga rumbun a matsayin ɗan gida. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan, a nawa ganin, su ne matan aure masu karatun digiri na biyu, waɗanda ba su samun sukuni sai bayan lisha, lokacin da yara suka kwanta.

Amma fa abin amana ne. Yarjejeniyar ta taƙaita shiga ga ɗalibanmu da ma'aikatanmu, kuma idan wani ya ara wa abokinsa na waje kalmar sirri, ko ya sa na'ura ta riƙa sauke maƙaloli barkatai, mai rumbun yana da ikon toshe makarantar baki ɗaya har sai an yi bayani. Mu mutane ne da ke jin nauyin hana aro, shi ya sa muke zama da kowane rukunin sababbin ɗalibai mu fahimtar da su cewa wannan aro guda na iya jawo wa dubbai asara. Haka kuma muna cire sunan duk wanda ya kammala karatu ko ya bar aiki.

Roƙonmu ga Majalisa, ranka shi daɗe, bai wuce biyu ba. Kuɗin waɗannan rumbuna da dala ake biyan yawancinsu, don haka muna fatan a ware musu gurbi tabbatacce a kasafin kowace shekara, kada sabuntawa ta riƙa jiran abin da ya rage. Na biyu kuwa wutar sola ce ga ɗakin da na'urorin da ke ɗauke da wannan manhaja suke, domin da zarar sun mutu cikin dare, ƙofar ta rufe ga kowa.

Yanzu, idan ka yi mana izini, za mu miƙa maka naka sunan shiga, ka gwada da wayarka kafin mu zagaya da kai sashen kwamfutoci. Allah shi ja zamaninka, shi maishe ka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.